Guguwa a Ɗakin Yaya

Shekara ashirin da 'yan kai ina harhaɗa kwamfutocin tebur a layin masu kayan lantarki, kuma a duk tsawon wannan lokaci abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne musu a kan furosesa. Furosesa shi ne ɗan ƙarfen nan mai kusurwa huɗu da bai wuce tafin hannun jariri ba, wanda duk tunanin kwamfuta a cikinsa ake yi. Wasu mazan ƙwallo suke bi, wasu siyasa. Ni sakamakon gwaji nake bi. Idan sabon furosesa ya fito, nakan san saurinsa kafin in san abin da aka dafa a gidana. Uwargida ta daɗe da saka wannan cikin ƙorafe-ƙorafenta, yana biye da minshari.

Abokin musuna shagonsa yana kallon nawa. 'Yan layi suna ce masa Malam Wat, saboda wata 'yar mita da yake yawo da ita a aljihun gaba. Kowace na'ura ya gani sai ya cusa mitar tsakaninta da soket ya ga wat nawa na wuta take sha. An ce ya taɓa auna firjin surukarsa ranar da ya je duba ta tana jinya, kuma bai taɓa musantawa ba. A wurina furosesa nagari shi ne wanda ya riga kowa gama aiki. A wurinsa kuwa shi ne wanda ya gama aikin da wuta mafi ƙanƙanta, ko da sai an yi furfura ana jira. Yakan ce nawa kamar ɗan masu kuɗi ne, ya iya gudu amma wani ke sayen mai. Ni kuma in ce nasa kamar ma'aikacin da ke jiran ritaya ne, ba ya ɓarna saboda ba ya komai. Mun yi wannan musu har masu shayin layin sun haddace shi, wani lokaci su ƙarasa mana idan abokin ciniki ya katse mu.

Abin alfaharina wata kwamfuta ce da na harhaɗa wa kaina, na sa mata suna Guguwa. Furosesan da ke cikinta shi ne mafi ƙarfi da hannuna ya taɓa riƙewa, kuma ban bar shi yadda aka ƙera shi ba. Na matsa masa ya wuce saurin da masu shi suka yanka masa, na ƙara masa wuta, na kuma hana shi hutawa ko da babu aiki, don kada ya saba da lalaci. Wuta tana kawo zafi, zafi yana buƙatar iska, saboda haka na ɗora masa wani ƙaton ƙarfen sanyaya mai haƙarƙari kamar na tsohuwar mota, na kewaye akwatin da fankoki bakwai. Har da fitilu masu canza launi, waɗanda ba su da wani amfani sai sa mutum mai shekara hamsin ya ji kamar yana tuƙa jirgi.

Sai Yaya ta kira ni.

Ita ce babbarmu, ita ta goya ni, kuma har yau da tumbina da sanƙona Auta take ce min. Ta yi rayuwar aikinta gaba ɗaya tana koyarwa a makarantar yara makafi, har ta yi ritaya. A waya ta gaya min cewa likitoci sun ga wani ƙari a maƙogwaronta, sun sa ranar aiki, kuma sun ce mai yiwuwa muryar ba za ta dawo yadda take ba, mai yiwuwa ma ba za ta dawo ba. Ta faɗi wannan da irin muryar da ake cewa famfo yana yoyo. Ina ƙoƙarin haɗa kalmomin jaje ta katse ni, ta ce ba don haka ta kira ba. Akwai darussan da ta tsara wa ƙananan azuzuwa, duk a kanta suke, malaman da suka gaje ta suna ta roƙonta. Tana so a ɗauke su da muryarta kafin ranar. Likita ya hana ta yawan magana, kuma muryar ma da safe kawai take tsayawa, kafin rana ta ɗaga ta dishe. Duk safiyar da ta wuce ba a ɗauki darasi ba, ta wuce ke nan.

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta kira wanda ya dace. Aikin ɗaukar murya ko tsohuwar kwamfutar ofis za ta iya shi. Amma yayata guda ce, na ce ba za a yi mata aiki da abin da bai kai mafi kyau ba, kuma mafi kyau a ƙamus ɗina ma'anarsa ɗaya ce.

Yaya a hawa na biyu take zaune. Na hau da Guguwa a rungume, ina tsayawa a kowace kwana ina yin kamar ina gyara riƙo. Ta riga ta shirya ɗakin da kanta, kuma ta fi ni sanin abin da take yi. Ta jingina katifa a taga, ta rataya barguna a bango, ta cire agogon bango ta kai shi kicin, ta sa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Kofin ruwan ɗumi yana gefenta a kan ɗan tebur. Ɗakin ya yi tsit, har ina jin numfashina, wanda bai da daɗin ji bayan matakalar nan.

Na kafa makirufo, na jona wayoyi, na danna maɓalli.

A shagona janareta yana dama, mai walda yana hagu, mai sayar da lasifika yana baya yana gwada kayansa tun safe. A cikin wannan hayaniya na haifi Guguwa na rene ta, kuma wallahi ban taɓa jin muryarta ba sai ranar. Fankoki bakwai suka tashi tare. Labulen ƙofa ya motsa. Fitilun suka shiga canza launi a kan bargunan Yaya.

Yaya ta dubi Guguwa ta saman gilashinta, ta dube ni.

"Auta, wannan murya za ta ɗauka, ko hatsi za ta sussuke?"

Na ce mata kada ta damu, makirufon bakinta yake kallo. Ta yi darasin farko. Da muka saurara, sai ka ce tana koyarwa a bayan buɗaɗɗiyar mota a kan babbar hanya. Nan ma ban karaya ba, don a nan ne Guguwa za ta nuna ko ita wace ce. Akwai manhajar da ke tace hayaniya daga murya, aikin da ƙaramar kwamfuta sai ka sha shayi ka dawo tana yi. Guguwa ta gama kafin in janye hannuna daga maɓallin. Na juya ina jiran yabo.

Iskar ta tafi, gaskiya. Amma ta tafi da wasu abubuwan. Muryar ta koma kamar daga cikin tanki ake magana. Ɗan numfashin da Yaya take ja kafin tambaya ya ɓace, ƙarshen kalmomi ya guntule, dariyar da ke ɓoye a ƙarƙashin muryarta ta bushe. Ta saurara har ƙarshe, ta cire hedifon daga kunnenta ta ajiye a hankali.

"Yaran nan ba su taɓa ganin fuskata ba," in ji ta. "Wannan ce fuskar. Kai kuma ka goge min hanci."

Washegari na zo da dabara. Wayoyin ba su kai baranda ba, kuma barandar ma hanyar maƙwabta ce. Saboda haka na saka Guguwa cikin kabad ɗin kayan Yaya, na tura ta tsakanin zannuwa, na rufe ƙofa, na toshe kafar wayoyi da tawul. Ƙarar ta ragu sosai. Na ji daɗin kaina ƙwarai, kamar yadda nakan ji dab da kowace masifa.

Ranar muryar Yaya ta tashi da kyau. Ta shiga darasin ƙidaya da wata irin walwala, har na manta da aikina ina saurare. Ɗakin ya fara ɗumi, ƙamshin kafur mai zafi ya fara fitowa daga kabad, ban kula ba. Tana dab da ƙarshe allon ya ɗauke. Furosesan ya sha iskar da ya fitar har ya kai inda ba zai iya ba, ya kashe kansa don kada ya ƙone, abin da ya nuna ya fi mai shi hankali. Darasin bai ajiyu ba.

Da Yaya ta yi faɗa da na samu sauƙi. Ta kurɓi ruwan ɗuminta, ta gwada muryar da kalma ɗaya, ta ji ta dishe, ta tashi ta fara fitar da zannuwanta daga kabad tana shanya su a kan gado don su huce.

Daga gidan ban tsaya ko'ina ba sai shagon Malam Wat. Tsallaka layin nan, wanda bai fi taku kaɗan ba, ya fi min matakalar Yaya wuya. Ya bar ni na yi bayani tun daga farko, yana gyaɗa kai, yana tambayar in maimaita wurin kabad, ya ce bai ji da kyau ba saboda mai walda. Sai da ya sha dariyarsa ya ƙoshi sannan ya tambayi me ake ɗauka haka da gaggawa. Da na gaya masa, dariyar ta tsaya. Ya tambayi ranar aikin. Sai kawai ya miƙe ya fara janyo ƙofar shago, da rana tsaka, da abokin ciniki a tsaye.

Kwamfutarsa bai sa mata suna ba, ni ne nake ce mata Gwangwani. A hammata ya ɗauko ta washegari da safe, ya hau matakalar yana fito, don dai in gani. Ba ta da fanka ko ɗaya, jikinta ne ke fitar da ɗan zafin da take yi. Ya gaida Yaya da ladabin da ban san yana da shi ba, har da rusunawa, sannan ya ce kafin a fara yana so Malama ta ga wani abu, don ilimi. Ya fito da mitar. Ya jona Guguwa, tana zaune ba ta komai, mitar ta haura wat ɗari. Ya jona Gwangwani, da ƙyar ta kai goma. Ya riƙe mitar a gaban Yaya kamar mai nuna sakamakon jarrabawar ɗansa. Ya ce duk wat ɗin da na'ura ta sha, zafi yake komawa, zafi kuma sai an kore shi, korar ita ce ihun da ta ji. Ni ina tsaye a jikin katifa ina nazarin ɗinkinta.

Aka kunna Gwangwani. Shiru. In ba don ɗigon fitila ba, ba za ka san tana raye ba. Yaya ta yi darasinta lafiya lau, na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, duk da cewa wani abin daban ya hau. Ta sa hedifon don ta saurara, ta rufe ido. Ba a jima ba ta ɗaga yatsa.

Ta ce akwai sauro a ciki.

Malam Wat ya karɓa ya saurara, ya ce babu komai. Na karɓa na saurara da dukkan fatan da ke zuciyata in ji sauron nan, ban ji ba. Kunnuwanmu biyun sun yi shekara ashirin tsakanin janareta da walda. Yaya ta ce sauron yana can sama, siriri, ba ya tsayawa, kuma yaranta za su ji shi tun kafin ta ce musu sannu. Yaron da kunne ne idonsa, in ji ta, ba a sa masa tsinke a ciki a ce ya yi karatu. Na buɗe hoton sautin a allo, na faɗaɗa. Ga shi nan kuwa, wani zare siriri miƙe a saman hoton daga farko har ƙarshe. Ɗan akwatin wutar da ke ciyar da Gwangwani ne yake wannan kukan, yana bin waya yana shiga makirufo. Malam Wat ya yi tattalin wuta, ya kuma yi tattali wajen sayen abin da ke kawo ta.

Zan so in ce ban ji daɗi ba. Na ji, na ɗan lokaci. Sai na dubi Yaya tana shafa maƙogwaronta da yatsu biyu, na tuna wata safiyar ta sake tafiya, kuma mu biyu da muka fi kowa a layinmu sanin furosesa mun kasa ɗaukar muryar tsohuwa ɗaya a cikin ɗaki shiru.

Muka zauna a falo bayan azahar, kowa ya rungumi hujjarsa. Ya ce a nemo wani akwatin wutar, amma irin na Gwangwani sai an yi odarsa, ba zai iso kafin ranar ba. Na ce a nemo wayoyi masu tsawo a kai Guguwa kicin, ya ce firji yana can, kuma doguwar waya ita ma tana kwaso nata ƙwarin. Yaya tana kujerarta, an hana ta magana, tana bin mu da ido kamar mai kallon yara biyu suna faɗa a kan wanda babansa ya fi ƙarfi. Can ta yi gyaran murya, ta nuna ƙofar ɗakin da haɓa.

"Wannan taka, Auta, haka aka haife ta da ihu, ko tarbiyya ce?"

Malam Wat ya juyo ya dube ni a hankali, irin kallon wanda aka miƙa wa kyauta.

Na ce tarbiyya ce.

Muka koma ɗakin. Na shiga can cikin saitin kwamfutar, inda na kwashe shekaru ina ƙara wannan ina matsa wancan, na fara warwarewa da hannuna. Na mayar da saurin inda masu ƙera shi suka ajiye shi. Na ba furosesan izinin hutawa idan babu aiki. Sannan na fara rage iyakar wutar da zai iya sha. Malam Wat ya durƙusa a gindin soket da mitarsa. Muka yarda a kan gwaji ɗaya, wanda a shekara ashirin ba mu taɓa yarda da shi ba saboda kowa yana tsoron amsar: aiki guda, wato sarrafa darasin Yaya na safe, a ba Gwangwani, a ba Guguwa a kowane mataki, ni in duba lokaci, shi ya duba wuta.

Na rage wutar da rabi, ina jiran in ga Guguwa ta durƙushe. Saurin da ta rasa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Na ɗauka kuskure ne, muka sake. Haka dai. Ashe duk zafin nan, da fankokin, da ihun, ɗan guntun saurin ƙarshe nake saya da su, wanda ko ƙiftawar ido bai kai ba. Na sake ragewa har ta koma shan kashi ɗaya cikin uku na abin da ta saba. Nan ma ta gama aikin, Gwangwani ko kashi ɗaya cikin goma ba ta kai ba.

Sai na ga Malam Wat yana ɗan bubbuga mitarsa da yatsa, kamar mai tada agogon da ya tsaya. Na tambaye shi lafiya. Bai so ya faɗa ba, amma mutum ne da ba ya yi wa mita ƙarya. Ya ce idan aka tara wutar da kowacce ta sha daga farkon aikin zuwa ƙarshensa, Guguwa ce ta sha kaɗan. Tana ɗaukar aikin da hannuwa da yawa a lokaci guda, kowane a natse, ta gama, ta kwanta. Gwangwani kuwa tana tsotsa kaɗan kaɗan, amma ta daɗe tana tsotsa.

Muka tsaya muna kallon ƙarfen sanyayar, wanda a ƙarƙashinsa abin yake. Wasu mutane a wani wuri, da ba za su taɓa sanin da mu ba, sun zauna sun ƙera ɗan abin nan yadda zai iya gudu idan an kore shi, ya iya tafiyar natsuwa idan an ƙyale shi, kuma a tafiyar natsuwar ne ya fi gwaninta. Shekaru yana hannuna ban taɓa tambayarsa ba. Malam Wat ya ce a hankali, Allah ya yi wa masu wannan aiki albarka. Na ce amin, kuma ina jin wannan ne karo na farko da na amsa masa wani abu ba tare da na ƙara da amma ba.

Daga nan muka bi fankokin muna cirewa ɗaya bayan ɗaya, muna duba zafi. Muka bar guda, babbar, tana juyawa a hankali har kana iya ganin fukafukanta. Akwatin wutar Guguwa mai kyau ne, don a nan ban yi rowa ba, kuma da nauyi ya ragu fankarsa ta tsaya da kanta. Na kashe fitilun. Yaya ta sa hedifon, ta rufe ido, muka tsaya kamar masu jiran hukunci. Ta daɗe. Sannan ta buɗe ido ta ce yanzu ɗakinta take ji.

A hanyar komawa Malam Wat ya ce ai ya daɗe yana gaya min. Na ce masa na ga dai kwamfutar wa aka zaɓa. Har muka isa layi ba mu daidaita ba, hankalina ya kwanta.

A safiyoyin da suka biyo baya ne na fara sanin aikin da yayata ta yi duk shekarun nan da nake cewa ai koyarwa take. Ba takarda a gabanta. Takan zo da cokali, da makulli, da kofi, da ɗan ƙyalle. Ta buga cokali a kofi ta tambaya ko kofin cike yake ko babu komai. Sai ta yi shiru. Shirun yana da tsawo, kuma ranar farko na ce mata zan yanke shi wajen gyara, don kada darasin ya ja. Ta ce in na taɓa shi sai ta taɓa ni. Wannan wurin na yaron ne, a nan zai ba da amsa, kuma ta san tsawon da yaro mai kunya yake buƙata, ba mai kaifin baki ba. Bayan shirun sai ta ce madalla, da cikakkiyar murya, ga yaron da ba a ma kawo shi makarantar ba tukuna. Rannan na tsinci kaina ina amsawa a cikin shirun, da ƙarfi, cewa kofin rabi ne. Sai da muka sake ɗaukar wurin. Kuma cike yake.

Malam Wat kullum sai ya zo, wai duba mita. Yakan zauna a kusurwa ya haɗe hannuwa, yana numfashi da baki don kada hancinsa ya yi ƙara. Duk da haka akwai darasin da kukan cikinsa ya shiga, Yaya ta gane mai shi ba tare da ta juya ba, ta ce gobe ya karya kafin ya zo.

Muryar kuwa kullum raguwa take. Da farko tana kaiwa darasi biyu, ta koma ɗaya, ta koma ɗaya da hutu a tsakiya. Ba ta taɓa ambatar safiyoyin da muka ɓata mata ba. Ni ne nake tuna su duk lokacin da ta tsaya ta haɗiye da ƙyar.

Ranar ƙarshe kafin a kwantar da ita, darasi ɗaya ya rage, na yadda yaro zai tsallaka titi da kunnensa. Ta ce duk sauran suna sa yaro ya ci jarrabawa, wannan shi ke dawo da shi gida. Jakar asibitinta tana bakin ƙofa a shirye. Ta zauna, ta kurɓi ruwa, na ɗaga mata hannu. Ta buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Ta sake kurɓa, ta sake gwadawa. Raɗa ce, ba ta wuce raɗa ba. A allo, layin sautin da ƙyar ya motsa.

Ta dubi makirufon na ɗan lokaci. Sannan ta fara tattara cokalinta da makullinta tana sawa cikin kofi.

Na ce mata ta dakata. Na matso da makirufon har ya kusa taɓa leɓenta, na murɗa ƙarfin jinsa har ƙarshe, wurin da a da ko kusa ba na zuwa. A wannan matsayi makirufo yana jin komai, kuma na ji shi a hedifon: numfashin Yaya, da wani ɗan huci can ƙasa. Fankar ƙarshe ce. Na nuna wa Malam Wat ita da ido. Ya durƙusa ya buɗe gefen akwatin, ya dube ni, ya zare wayarta.

Yanzu babu abin da ke kore zafi sai ƙarfen shi kaɗai. Zai riƙe na wani lokaci, ba har abada ba, kuma dukkanmu mun san abin da furosesan nan yake yi idan ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Malam Wat ya kafa ido a kan lambar zafi a kusurwar allo. Na ɗaga wa Yaya hannu.

Ta fara da raɗa. Ta ce wa yaron ya tsaya a bakin titi, kada ya yi sauri, titin ba zai gudu ba. Ya saurari dama, ya saurari hagu. Motar da ke zuwa muryarta hawa take, wadda ta wuce sauka take. Babur maƙaryaci ne, yana nesa sai ka ji shi kusa, yana kusa sai ya yi shiru. Ta tambaya me zai yi idan bai tabbata ba, sannan ta bar masa shirunsa, cikakke, ba ta rage masa komai ba. Ni a cikin shirun nan gumi nake. Malam Wat ya ɗaga tafin hannu yana nuna min lambar tana hawa, a hankali dai, amma tana hawa. Na so in yi wa Yaya alama ta taƙaita. Na dubi fuskarta, idonta a rufe, tana jiran yaronta ya gama tunani, na mayar da hannuna cinya.

Ta ce madalla. Ta ce idan bai tabbata ba ya ɗaga sandarsa ya nemi a tsallakar da shi, ba abin kunya ba ne, ita ma da idonta biyu ana tsallakar da ita. Ta yi musu sallama kamar yadda take yi a ƙarshen kowane darasi. Na danna ajiya, na ga ya ajiyu, na sake dubawa. Malam Wat ya mayar da wayar fankar, ya zauna daɓas a ƙasa.

Na kunna mata a lasifika. Raɗar ta fito tsaf, kowane harafi da gefensa, babu iska, babu sauro, har ɗan murmushin da ta yi a wurin babur ana jin sa. Na ce zan iya ɗaga ƙarfinta ta yi daidai da sauran darussan, aikin ƙiftawar ido ne. Ta girgiza kai, ta yafito ni da hannu, na sunkuya.

"Bar shi haka," in ji ta a kunnena. "Yaro in ka yi masa tsawa ja da baya yake. In ka yi masa raɗa sai ya matso."

Ta nuna min in sake kunnawa daga farko. Na kunna. Muna cikin saurare na ji wani abu ya taɓa sanƙona, na ɗago. Hular Malam Wat ce. Mu biyun mun sunkuya a kan lasifikar har kawunanmu sun haɗu, muna jiran mu ji ta wane gefe motar za ta fito.